Fashin Baƙi: Yadda Ake Gwada Iyakar Girman xattr a Kan NFS da SMB

Ma'ajiyar ofis tana da sauran gigabayit ɗari uku, umarnin `df` ya tabbatar da haka, amma da aka zo liƙa wa wani fayil ɗan bayani mai bayit 5,000 sai allo ya ce "No space left on device". Wanda bai san kan abin ba zai tafi neman abin da ya cinye faifai, ya share tsofaffin fayiloli, ya dawo ya tarar da saƙon yana nan daram. Faifai bai cika ba. Ɗan gurbin da aka ware wa wannan fayil ɗin domin ƙarin siffofinsa ne ya cika, kuma gurbin nan ba ya ƙaruwa ko da an ƙara faifai goma.

Ƙarin siffofin fayil, waɗanda masu aikin Linux ke kira xattr, bayanai ne da ake rataya wa fayil ba tare da an taɓa abin da ke cikinsa ba. Kowanne yana da suna da ƙunshi. Sunan yana farawa da ɗaya daga gidaje huɗu: `user.` na manhajoji da masu amfani, `trusted.` na mai cikakken iko da na'ura, `security.` inda SELinux, wani tsarin tsaro na Linux, ke ajiye lakabinsa, da `system.` inda jerin izinin shiga na ACL yake zama. A kwamfuta ɗaya sanin iyakar girmansu ba wuya. Da zarar fayil ya koma kan saba, wato kwamfutar da ke ajiye fayiloli tana raba su, ana isa gare shi ta hanyar sadarwa, bayanin sai ya ratsa ƙofofi biyar kafin ya kwanta: kanel ɗin kwamfutar aiki (zuciyar tsarin da ke tafiyar da ita), direban NFS ko SMB da ke cikinta (ƙa'idoji biyu ne na raba fayiloli ta hanyar sadarwa), ƙa'idar sadarwar kanta, manhajar saba, sannan tsarin fayil ɗin da ke kan faifan saba. Lambar da gwaji zai ba ka ta ƙofar da ta fi ƙunci ce, kuma saƙon kuskure ba ya faɗa maka wace ƙofa ce. Aikin mai gwaji shi ne ya gano ta.

Iyakoki huɗu ne, ba ɗaya ba

Kafin a taɓa waya, a san abin da kanel ɗin Linux ya kafa a kan kowa. Sunan xattr ba ya wuce bayit 255, kuma har da `user.` ɗin ake ƙirgawa, wato abin da ya rage maka 250 ne. Suna ya wuce haka, lambar kuskure ERANGE za ka samu. Ƙunshi ba ya wuce bayit 65,536, wato 64 KiB. Ka ƙara bayit ɗaya kanel zai mayar da E2BIG tun kafin a tuntuɓi wani tsarin fayil. Jerin sunayen da `listxattr` ke dawo da shi shi ma 65,536 ne iyakarsa. Ta huɗu ita ce jimillar abin da fayil guda zai iya ɗauka, kuma wannan kanel bai sa mata lamba ba, ya bar wa kowane tsarin fayil ya yanke tasa.

Yawancin masu gwaji ta biyu kaɗai suke aunawa, su rubuta lambar su tashi. Amma ta huɗu ce ke yawan kama mutane bayan aiki ya yi nisa, ta uku kuwa ita ce mai mugun hali, don tana barinka ka rubuta sannan ta hana ka ganin abin da ka rubuta.

Fara daga faifai, ka fito waje

Gwajin farko a kan sabar ake yin sa kai tsaye, cikin ainihin foldar da ake rabawa, ba ta hanyar sadarwa ba. In ba ka san lambar faifai ba, babu abin da za ka kwatanta lambar waya da shi.

A ext4, ɗaya daga tsare-tsaren fayil na Linux, za a fi daɗewa, don ita ce mai ƙaramin gurbi kuma ita ce aka fi samu a ƙarƙashin ƙananan sabobi. Wurin xattr biyu ne a ext4. Na farko shi ne ragowar fili a cikin inod, wato katin da ke ɗauke da bayanan fayil kamar mai shi da girmansa da lokutansa. Inod mai bayit 256, wanda shi ne na yau da kullum, bayan an cire 128 na asali da 32 na ƙarin filaye, 96 ne ke saura, a ciki ma akwai kan bayani. Na biyu shi ne bulo, wato yankin faifai, guda ɗaya tak a waje, yawanci mai bayit 4,096. Daga bulon nan a cire 32 na kai, a cire 4 na alamar ƙarshen jeri, saura 4,060. Kowace shigarwa tana cin bayit 16 haɗe da tsawon suna, a cike shi zuwa ninkin huɗu, kuma ba a ajiye `user.` ɗin a matsayin haruffa, lamba ce ke wakiltarsa. Saboda haka suna mai haruffa huɗu zai bar maka 4,040, `user.gwaji` mai haruffa biyar kuma 4,036. Ka wuce nan, ENOSPC, wato saƙon nan na "babu wuri" da muka buɗe da shi. Umarnin `tune2fs -l` a kan faifan zai nuna maka girman bulo, girman inod, da ko an kunna `ea_inode`, fasalin da ya shigo a Linux 4.13 wanda ke ba manyan ƙunshi damar zama cikin inod nasu na daban har su kai 64 KiB.

Sauran ba su da wannan ƙunci. XFS tana karɓar ƙunshi har 64 KiB kowanne, kuma ba ta takura yawansu a bulo ɗaya. Btrfs tana buƙatar suna da ƙunshi su shiga cikin kumburin bishiyarta guda, wanda a tsarin yau da kullum 16 KiB ne, don haka iyakar tana ɗan sama da bayit 16,200. ZFS tana da hanyoyi biyu, `xattr=sa` da ke ajiye su kusa da bayanan fayil da kuma na ɓoyayyar folda, kuma in na farko ya cika tana zubawa a na biyu.

Kayan gwajin da kansu suna iya yi maka ƙarya

An saba da `setfattr -n user.gwaji -v ...` kuma yana da kyau ga ƙananan gwaje-gwaje. Ga manya akwai tarko. Yana karɓar ƙunshi a matsayin rubutu, ko lambobin heks masu farawa da `0x`, ko base64 mai farawa da `0s`. Linux ba ta barin kalma guda a layin umarni ta wuce bayit 131,072 a na'urori masu shafin ƙwaƙwalwa na 4 KiB. Heks yana ninka girma biyu, don haka da ka kai ƙunshi mai bayit 65,535 umarnin ba zai ma tashi ba. Saƙon da za ka gani shi ne "Argument list too long", kuma wannan shi ne daidai saƙon E2BIG da `setxattr` ke bayarwa in ƙunshi ya yi yawa. Mai gwaji sai ya rubuta cewa iyakar ma'ajiyarsa 65,534 ce, alhali ko saba ba a gaisa da ita ba. Base64 ba ya faɗawa wannan rami, domin bayit 65,536 haruffa 87,384 ne kawai. Amma ya fi sauƙi a kira kanel kai tsaye da ɗan rubutun Python:

```python
import os, errno, sys

def gwada(folda, girma):
    hanya = os.path.join(folda, "gwaji.%d.%d" % (os.getpid(), girma))
    open(hanya, "wb").close()
    try:
        kaya = os.urandom(girma)
        os.setxattr(hanya, "user.gwaji", kaya, os.XATTR_CREATE)
        return os.getxattr(hanya, "user.gwaji") == kaya, None
    except OSError as k:
        return False, errno.errorcode[k.errno]
    finally:
        os.unlink(hanya)

folda = sys.argv[1]
print("bayit 1:", gwada(folda, 1))
kasa, sama, dalili = 1, 65537, None
while sama - kasa > 1:
    tsaka = (kasa + sama) // 2
    ya_shiga, kuskure = gwada(folda, tsaka)
    if ya_shiga:
        kasa = tsaka
    else:
        sama, dalili = tsaka, kuskure
print("iyaka:", kasa, dalili)
```

Rubutun yana raba tazara biyu-biyu, zagaye 16 ya isa ya kai ga ainihin bayit ɗin da abin ya tsaya. Akwai dalili a kowane zaɓi da ke ciki. Sabon fayil ake buɗewa a kowane zagaye, don ragowar gwajin baya kada ta cinye gurbi ta rage lambar. Bayanan hargitse ake zubawa, ba sifili ko harafi ɗaya ba, domin in wata ƙofa ta gutsire ƙarshen ƙunshi ko ta jirkita shi, kwatancin zai kama. Kuma ana fara gwada bayit ɗaya. In wannan ya faɗi, ba maganar girma ake ba: ENOTSUP na nufin hanyar ba ta ɗaukar xattr sam, EACCES ko EPERM kuma maganar izini ce. A NFS musamman, wanda ya yi gwaji da ikon `root` yakan manta cewa `root_squash` na mayar da shi mara gata a wajen saba. Yi gwajin da asusun da manhajar za ta yi aiki da shi. Kada kuma ka gwada a kan mahaɗin alama (symlink), don Linux tana yarda da `user.` a kan fayil na sosai da folda kaɗai.

A kan ext4 mai bulo 4,096 ba tare da `ea_inode` ba, ka sa ran ganin 4,036 da ENOSPC. In ka ga ƙasa da haka, wani ya riga ka shiga bulon. `getfattr -d -m - fayil` zai fallasa shi. Lura da `-m -` ɗin nan, domin `-d` shi kaɗai na gidan `user.` kawai yake nunawa, ya ɓoye lakabin SELinux da ACL ɗin da fayil ya gada daga foldarsa, alhali duk gurbi ɗaya suke ci.

NFS: sigar ce ke fara yanke hukunci

NFSv3 ba ta san xattr ba. Tana da wata ƙaramar ƙa'ida a gefe da ke ɗaukar ACL, shi ya sa wani lokaci `getfacl` ke aiki mutum ya zaci komai na tafiya. NFSv4.0 da 4.1 ma haka a Linux: za ka ga `system.nfs4_acl`, amma wannan taga ce kawai zuwa ga ACL ɗin NFS. Ainihin xattr ya zo ne da RFC 8276 a Disambar 2017, a matsayin ƙari a kan NFSv4.2, da ayyuka huɗu: GETXATTR, SETXATTR, LISTXATTRS da REMOVEXATTR. Linux ta karɓe shi a sigar 5.9 a shekarar 2020, ɓangaren saba da na kwamfutar aiki duka. To dole ɓangarorin biyu su kai wannan matsayi, kuma jonawar (mount) ta kasance da 4.2. Kada ka dogara da abin da ka rubuta a `/etc/fstab`; duba `nfsstat -m` ko `/proc/mounts` ka ga `vers=4.2` da idonka, don in ba ka tilasta siga ba, kwamfutar tana sauka ƙasa shiru in saba ta ƙi.

Gidan `user.` kaɗai ke ratsa wannan hanya, kuma ana cire `user.` ɗin kafin sunan ya hau waya. Lakabin SELinux yana da tasa hanyar daban a 4.2, wadda ake kunnawa da `security_label` a `/etc/exports`. `trusted.` kuwa ba ya wucewa ko kaɗan.

Abin da ya sa gwaji ya zama dole shi ne ƙa'idar ba ta da hanyar tambayar girma. Saba tana faɗin e ko a'a kan ko tana ɗaukar xattr, ta yi shiru. Kwamfutar aiki tana lissafa nata iyakar daga girman saƙon da suka daidaita a kai lokacin buɗe zama, ta cire kuɗin kan saƙo, kuma ba ta wuce 64 KiB. Tsakanin Linux da Linux saƙon yakan kai megabayit guda, don haka wannan ƙofa ba kasafai take takurawa ba, lambar waya takan yi daidai da ta faifai. In akwatin ajiya na wani kamfani ne a ɗaya ɓangaren mai ƙaramin saƙo, nan ne za ka iya ganin ERANGE daga kwamfutarka ba tare da an aika komai ba. In saba ce ta ce ƙunshi ya yi yawa da lambar kuskuren NFS4ERR_XATTR2BIG, E2BIG zai iso gare ka. In ext4 ce ta ƙi a can ƙasa, ENOSPC ɗinta ne zai ratso har allonka.

Don raba gardama kan wace ƙofa ce ta ƙi, kama zirga-zirgar tashar 2049 da `tcpdump` ka buɗe a Wireshark. In ba ka ga SETXATTR ya fita ba, laifin na gida ne. In ya fita an dawo da kuskure, koma kan saba ka kwatanta da lambar faifai.

Sai kuma batun karantawa bayan rubutu, inda rubutun Python na sama yake da rauni a kan NFS. Direban NFS na Linux yana riƙe kwafin xattr a ƙwaƙwalwa, kuma da ka rubuta yake saka abin da ka rubuta a wannan ma'ajiyar wucin gadi. Karatun da ya biyo baya nan take daga ƙwaƙwalwar kwamfutarka yake fitowa, ba daga saba ba. Ka tambayi kanka ne ka ba kanka amsa. Gani ya kori ji: bayan ka sami lambar iyaka, rubuta ƙunshi mai wannan girman a fayil da ba za ka goge ba, ka lissafa zanen yatsansa, wato lambar da ke tantance ƙunshin, da `getfattr --only-values -n user.gwaji fayil | sha256sum` a kan sabar kanta, sannan a kwamfuta ta biyu, ka kwatanta da na asali. In kwamfuta ɗaya gare ka, cire jonawar ka sake jonawa kafin ka karanta. Ƙididdigar GETXATTR a `/proc/self/mountstats` za ta nuna maka ko karatun ya hau waya ko bai hau ba.

SMB: a nan ne gizo ke saƙar

SMB ta gaji nata ƙarin siffofin daga zamanin OS/2, kuma halinsu ba irin na Linux ba ne. A kan waya, filin tsawon suna bayit ɗaya ne, na tsawon ƙunshi bayit biyu. Ke nan ƙunshi ba zai taɓa wuce 65,535 ba, ƙasa da na Linux da bayit ɗaya. A NTFS kuma jimillar duka siffofin fayil guda ce ba ta wuce 64 KiB, ba kowanne ba.

Sai dai da wuya ka kai can daga Linux. Direban `cifs`, wato direban SMB na Linux, yana da mazubi mai suna CIFSMaxBufSize, girmansa na asali 16,384, kuma za ka gan shi a `/sys/module/cifs/parameters/CIFSMaxBufSize`. Ƙunshin da ya fi mazubin nan ana mayar da shi da EOPNOTSUPP, saƙon da ke sa mutum ya ɗauka hanyar ba ta ɗaukar xattr baki ɗaya, alhali bayit ɗaya ya shiga lafiya. Kuma direban yana ɗebo dukan siffofin fayil a lokaci guda in zai karanta, don haka kafin ya ƙara sabo yakan duba ko jimillar za ta shiga mazubin. In ba za ta shiga ba ya ce ENOSPC. Ga ENOSPC na biyu ke nan, mai kama da na ext4 sak, amma daga kwamfutarka ya fito. Wannan ne ya sa saba mai XFS, wadda ta ba ka 65,536 a gwajin faifai, take ba ka ƙasa da 16 KiB ta SMB. Akwai kuma juyin abin: xattr babba da aka rubuta kai tsaye a kan saba, ko ta NFS, kwamfutar da ke kan SMB tana iya kasa karanta shi.

Abubuwa uku ne za a ƙara gwadawa a SMB waɗanda ba a damu da su a NFS ba. Ƙunshi mara komai, mai tsawon sifili, halas ne a Linux, manhajoji kan yi amfani da shi a matsayin tuta. A SMB tsawon sifili na nufin "goge wannan", sai rubutun ya yi nasara amma ka nemi siffar ka rasa. Babban harafi da ƙarami ba su da bambanci a sunaye, don haka `user.Gwaji` da `user.gwaji` abu ɗaya ne, na biyu ya hau kan na farko, kuma sabar Windows takan dawo maka da sunan da manyan haruffa. Sannan akwai haruffan da Windows ba ta yarda da su a sunan siffa ba, irin su ɗigo biyu, waƙafi, alamar daidai da alamar tambaya, kuma Samba, manhajar sabar SMB ta Linux, tana bin sahunta.

In sabar Samba ce, sai a tuna ita ma tana da nata kaya a gurbin. `ea support` a kunne yake tun sigar 4.9. Tana ajiye siffofin DOS a `user.DOSATTRIB`, in an kunna `acl_xattr` tana ajiye izinin Windows a `security.NTACL`, kuma tana ɓoye waɗannan ga mai kallo ta SMB. A kan ext4, lakabin SELinux shi kaɗai yakan cinye fiye da rabin ragowar filin inod, sauran su zube cikin bulon nan guda. Fayil mai dogon jerin izini zai bar wa manhajarka ƙasa da na fayil mai gajere, a folda ɗaya, a faifai ɗaya. Saboda haka lambar da ka samu a sabuwar folda mara komai ba ita ce ta foldar da ake aiki a ciki ba. Yi gwajin a inda izinin ya fi yawa.

Kwamfutocin Apple suna bi ta wata hanya dabam. macOS tana tura xattr ɗinta ta SMB a matsayin ƙarin kwararon bayanai na fayil, kuma Samba mai `streams_xattr` tana mayar da kowane kwararo xattr mai farawa da `user.DosStream.` a kan faifai. Abin da Mac ke gani kamar fili mara iyaka, a ƙasa bulo ɗaya ne na ext4. In ma'ajiyar ba ta ɗaukar kwararon, Mac tana zuba bayanan a fayilolin nan masu farawa da `._` da ke cika folda. Gwajin da aka yi daga Linux bai ce komai game da Mac ba. A maimaita shi daga can da umarninta na `xattr -w`.

Jimilla da jeri

Gwajin jimilla mai sauƙi ne: fayil ɗaya, ka riƙa ƙara siffofi masu sunaye daban-daban har a ƙi. Yi shi sau uku da ƙunshi mai bayit 1, mai 100, da mai 1,000, domin na farko yana auna yawan shigarwa, na ƙarshe yana auna fili. A ext4 ba tare da `ea_inode` ba, uku masu bayit 1,000 ne kaɗai ke shiga bulon, na huɗu ba zai shiga ba. CephFS tana da iyakar jimilla ta asali ta 64 KiB ga sunaye da ƙunshin fayil guda. GlusterFS kuwa ita kanta tana rayuwa a kan xattr na gidan `trusted.`, kamar `trusted.gfid`, shi ya sa aka daɗe ana ba da shawarar XFS mai inod 512 a ƙarƙashinta.

Gwajin jeri a XFS ko ZFS yake da ma'ana, inda yawa ba ya ƙarewa da wuri. Ba kowace siffa suna mai cikakken tsawo, bayit 255. Da alamar ƙarshen suna kowanne ya zama 256, kuma guda 256 sun cika 65,536 cif. Ta 257 za ta shiga ba gardama, kuma in ka san sunanta za ka karanta ta. Amma `listxattr` zai fara ba da E2BIG, `getfattr -d` ya daina aiki a kan fayil ɗin, duk wata manhajar kwafi ko ta ajiyar baya da ke fara da neman jeri ta makance. NFS tana iya ɗauko jerin kashi-kashi, amma rufin kanel na nan a samanta. Don haka a kowane zagaye na gwajin jimilla a kira `os.listxattr` ma, a ƙirga ko adadin ya yi daidai.

Kwafi shi ne gwajin gaskiya

Galibi ba manhaja ce ke fara cin karo da iyaka ba, ƙaura ce: a kwashe fayiloli daga XFS a zuba a ma'ajiya mai ƙaramin gurbi. `cp -a` yana ƙoƙarin kwafe xattr, in ya kasa ya yi shiru, kuma haka aka tsara shi. `cp --preserve=xattr` ne ke kuka. `rsync` sai an sa masa `-X`, kuma in ba da cikakken iko aka gudanar da shi ba na `user.` kaɗai yake ɗauka; in wata siffa ta ƙi shiga yana fita da lamba 23, wadda rubutun ajiyar dare da yawa ba sa dubawa. `tar` na GNU sai da `--xattrs`, kuma wajen kwancewa yana buƙatar `--xattrs-include='*'` kafin ya maido da waɗanda ba na `user.` ba. Haɗa 'yan fayiloli masu siffofi a girman 100, 4,000, 5,000, 16,000, 20,000 da 65,536, ka kwafe su da ainihin umarnin da za a yi ƙaurar da shi, sannan ka fitar da `getfattr -R -d -m - -e hex` a ɓangarorin biyu ka sa `diff` a tsakaninsu.

Kowace lamba a rubuta ta tare da yanayinta: sigar kanel a ɓangarorin biyu, zaɓuɓɓukan jonawa, tsarin fayil da girman bulo da inod, sigar Samba da jerin `vfs objects`, da sunan siffar da aka gwada da shi. Lamba mara waɗannan ba ta da amfani bayan wata shida.

In abin da manhaja ke son ajiyewa ya fi ƙofar da ta fi ƙunci, hanyoyi biyu ne. Ko a ajiye bayanin a fayil na gefe, a sa sunansa ko zanen yatsansa na SHA-256 mai bayit 32 kawai a xattr, wanda ke ratsa kowace ƙofa. Ko a faɗaɗa ƙofar. A ext4 wannan shi ne `tune2fs -O ea_inode` a kan faifan da aka cire jonawarsa, amma da sharaɗi biyu. Kanel ɗin da bai kai 4.13 ba zai ƙi jona faifan gaba ɗaya, don haka a duba tsohon faifan ceto da ke cikin durowa kafin a kunna. Kuma ƙunshi kaɗai ne ke ƙaura zuwa sabon inod. Shigarwar sunaye tana nan a inod da bulon nan guda, bayit 20 kowace in sunan gajere ne, wato 200 da 'yan kai. Bayan an kunna, a sake gudanar da rubutun daga faifai, sannan ta NFS, sannan ta SMB, inda mazubin 16,384 zai zama sabuwar ƙofar da ta fi ƙunci.